Littafin aiki: sabon ganye ga bishiyoyin Riften, da rigimar fallen alfa

2 ga Maris

Na fara yau. A baki aikin ba shi da yawa: in canja ganyen bishiyoyin asfen da ke kewaye da garin Riften a cikin wasan kwamfuta na Skyrim, waɗannan masu ruwan ɗorawa da ja-ja. Daga nesa ba su da laifi, amma in ka matso ka tsaya a ƙarƙashinsu sai ka ga ganyen ya dusashe kamar an murza shi da yatsa. Wasan ya fito tun 2011, ni kuma da bugun 2016 nake aiki, wato Special Edition, wanda ya koma kan DirectX 11, tsarin da wasa ke bi wajen aiki da katin hoto na kwamfuta.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin wasa ba: reshen da kake gani ba reshe ba ne. Faifai ne shimfiɗaɗɗe mai kusurwa huɗu, an manna masa hoton reshe da ganyayensa. Abin da ke hana ka ganin kusurwoyin faifan shi ne falle na huɗu na hoton. Kowane ɗigo yana ɗauke da lambobi uku na launi, ja da kore da shuɗi, sai ta huɗu da ake kira alfa, daga 0 zuwa 255. A fahimtata ta yau, 0 na nufin ɗigon ba ya nan, 255 na nufin yana nan daram.

Kayan aiki: GIMP don zane, NifSkope don buɗe ragar bishiyar (fayil ɗin da ke riƙe da siffarta), texconv don matse hoto zuwa DDS (nau'in fayil ɗin hoto da wasan ke karantawa), sai Mod Organizer 2 don kada in taɓa fayilolin wasan na asali. Duka kyauta ne. Abin da zan kashe lokaci ne, na ware awa 2 kowane dare.

4 ga Maris

Na ciro fatar reshe, wato hoton da ake manna wa faifan, da ragarsa daga rumbun BSA, inda wasan ke tara fayilolinsa. Na samo hotunan ganye 14 da masu su suka yarda a yi amfani da su, duk an ɗauke su a kan farar takarda.

7 ga Maris

Dare uku ina yanke ganye. Na zaɓi farin takardar da launi, na danna gogewa, na bi gefuna da magogi. Na jera su a kan zane mai faɗin 2048 da tsawon 2048, ina bin inda tsofaffin ganyayen suke don su zauna daidai a kan faifan. A cikin GIMP ya yi kyau ƙwarai, ganye tsaf a kan daben nan mai murabba'ai toka-toka da ke nuna babu komai.

8 ga Maris

Gwajin farko a cikin wasa. Na fitar da shi a tsarin matsi na BC1 don shi ne mafi ƙanƙanta, na loda, na buga tfc don kyamara ta saki jiki, na tashi zuwa saman bishiya. Kowane ganye an zagaye shi da baƙin zare kamar an ja masa kwalli. A inuwa ba a gani sosai, amma in sararin sama na bayansa, abin ba ya kalluwa.

Na zauna na karanta yadda BC1 ke aiki, abin da ya kamata in yi tun kafin in danna shi. Yana raba hoto gida-gida, ɗigo 4 sau 4, ya ajiye kowane gida a bayit 8. A ciki launi biyu kawai yake riƙewa, sauran ya ƙirƙiro su daga tsakaninsu. In gidan yana da ɗigo mai ɓoyuwa, sai ya sadaukar da ɗaya daga launuka huɗun da zai iya nunawa, ya mai da shi "babu", kuma wannan "babu" ɗin baƙi ne wuluk. To katin hoto ba ya ɗaukar ɗigo ɗaya tak in zai zana. Yana ɗebo huɗu mafi kusa ya gauraya su. A bakin ganye sai ya gauraya ruwan ɗorawa da baƙin da ke ɓoye. Kwallin ke nan.

Gobe BC3, wani tsarin matsin da ke ajiye alfa daban da launi.

9 ga Maris

BC3 ya kawar da baƙin zare, ya kawo fari. An gudu ba a tsira ba.

Wannan ya ci mini dare biyu a dare ɗaya, don sai wajen ƙarfe 2 na gano bakin zaren. Ni dai na san na goge farin takardar. Na duba hoton sau goma, babu fari ko ɗigo. Sai na ce bari in raba hoton zuwa fallayensa huɗu, kowanne daban, in kalle su ɗaya bayan ɗaya. Da na buɗe fallen ja sai ga takardar nan gaba ɗayanta, fara fat, har da inuwar da ganyen ya yi a kanta ranar da aka ɗauki hoton. Ashe gogewar da na yi ba ta taɓa launin ba. Lambar alfa kawai ta mayar 0, ja da kore da shuɗi suna nan yadda suke, 255 kowannensu, sun lafe a ƙarƙashi.

Na yi lissafin a takarda don ya zauna mini. Bakin ganyena yana kusan 200, 140, 30. Maƙwabcinsa da ba a gani 255, 255, 255. In katin ya tsaya a tsakiyarsu ya raba daidai, zai fito da 228, 198, 143, wani launi kamar na busasshiyar ƙasa, kuma alfa a wurin tana wajen rabi, ta isa a nuna shi. Kowane ganye, kowane gefe. Ga kuma ɓarna ta biyu: gidan matsi da ya faɗo a bakin ganye dole ya kashe ɗaya daga launukansa biyu a kan farin da babu mai ganinsa, sai ganyen kansa ya samu ragowar.

Abin da na rubuta ranar 2 ga wata cewa 0 na nufin ɗigon ba ya nan, kuskure ne. Yana nan. An dai ce masa ya yi shiru, kuma maƙwabtansa suna jin numfashinsa.

12 ga Maris

Maganin shi ne a malalo launin ganye zuwa waje, ya cika duk filin da ba a gani. Ga yadda na yi, don kada in manta:

Da farko na ɗauke alfa daga jikin shimfiɗar ganyen a GIMP na mai da ita marufi, na ajiye marufin a fayil nasa, hoto baƙi da fari. Daga yau alfa da launi ba sa kwana a ɗaki ɗaya sai ranar fitarwa. Sannan na rage gefen ganyen da ɗigo 2, saboda ɗigon bakin ma ya sha farin takarda tun daga kyamara. Na kwafi shimfiɗar, na dusar da kwafin da ɗigo 4, na tilasta duk inda ya ɗan taɓa ya zama cikakke, na tura shi ƙasa. Na maimaita da 16, na maimaita da 64. Can ƙarƙashin duka na zuba launi ɗaya, matsakaicin launin ganyayen. Na haɗe su, babu wurin ɓoyuwa ko ɗaya, sannan na harhaɗa fallaye huɗun da hannu, marufin nan ya shiga gurbin alfa.

In ka kalli fallayen launi yanzu ba tare da alfa ba, kamar an bar fenti a ruwan sama, kowane ganye ya narke ya shiga ɗan'uwansa. Muni ƙarshe. A cikin wasa kuwa zaren ya tafi, ba fari ba baƙi.

Da farko na yi niyyar malalawa ɗigo 8 kawai in huta. Abin da ya hana ni shi ne ƙananan kwafin hoton, mifmaf, da wasan ke amfani da su in abu ya yi nisa. Hoton 2048 yana da matakai 12, kowanne rabin na gabansa, har zuwa ɗigo 1. A matakin 64 sau 64, ɗigo ɗaya ya haɗiye 32 sau 32 na asali. Malalar ɗigo 8 ba za ta kai ko'ina ba a can.

Wani tarko kuma: wajen ajiye PNG a GIMP akwai wani ɗan akwati da ke tambaya ko a adana launin ɗigon da ba a gani. Na manta ban duba shi ba sau ɗaya, aikin malalar duka ya tafi a wannan fayil ɗin. Allah ya sa ina da na asali.

13 ga Maris

Ban taɓa komai ba. Na yi yawo a dajin ina kallon ganyena.

15 ga Maris

Yawon ya tono wata matsalar. Daga kusa bishiyar cike take da ganye. Ina ja da baya tana zubar da shi, kafin in kai bakin tafkin ta zama kamar wadda fari ya cinye, sai sanduna da 'yan tsirarun ganye. In na matso kuma ya tsiro a gaban idona.

Na buɗe ragar a NifSkope. Reshen yana da wani kulli mai suna NiAlphaProperty, kuma a nan ne ake gaya wa injin wasan abin da zai yi da alfa. Hanya biyu ce. Ko dai ya yanka: duk ɗigon da alfarsa ta haura wata iyaka a zana shi cikakke, wanda bai haura ba a jefar. Ko kuma ya gauraya ɗigon da abin da ke bayansa gwargwadon lambar. Ana zaɓa da wata lamba a kullin da ake kira tuta: 4844 yanka ce zalla, 237 gauraya ce zalla, 4845 duka biyun. Ni na sa 4844 da iyaka 128. In babu wannan kullin ma gaba ɗaya, injin ba ya ko kallon alfar fatar, sai ka ga faifan da kusurwoyinsa.

Yanzu ɗauki tsinken ganye mai kaurin ɗigo 1, alfarsa 255, gefensa 0. A mifmaf na farko ana haɗa ɗigo huɗu a raba, biyu na tsinke biyu na fili, a samu 127 da rabi. Bai haura 128 ba, an jefar da shi. Mataki na gaba ya koma wajen 64. Haka duk wani siririn abu da duk bakin ganye ke zaizayewa, mataki bayan mataki. Da gauraya ake yi, da sai dai ya yi haske-haske. Da yake yanka ce, ɓacewa yake yi ɗungurungum.

Matsalar tsohuwa ce a wajen masu wannan sana'a. Ignacio Castaño ya bayyana maganinta a 2010 lokacin da suke gina wasan The Witness: a ƙirga kashi nawa na hoton asali ke haura iyakar, sannan a kowane mataki a ɗaga alfa har sai kashin ya dawo daidai da na asali. A texconv umarnin -keepcoverage ne, a bi shi da iyakar, 0.5 a wajena tunda 128 kusan rabin 255 ne. Na haɗa da -sepalpha don a rage alfa daban, launi daban, kada ɗaya ya ja ɗaya.

Bishiyar ta riƙe ganyenta har bakin tafki. Amma a matakai na can ƙasa ta ɗan yi tozo, ganyen ya dunƙule kamar auduga. Na fi son haka a kan sanƙo.

16 ga Maris

Na gwada rage iyakar zuwa 90 a maimakon gyaran mifmaf, don in ga ko hanya ce mafi sauƙi. Nesa ta gyaru, kusa ta lalace: ganyen ya yi kauri, gefensa ya fara nuna malalar da na ɓoye. Na mayar 128.

19 ga Maris

Kwaɗayi ya ja ni. Gefen ganye a yanka yana da kaifi, in iska na kaɗa shi sai ya riƙa ƙyalƙyali kamar haƙoran zarto. Na ce bari in kunna gauraya, 4845, in samu gefe mai laushi. Laushin ya samu. Sai dai reshen da ke baya ya riƙa fitowa a gaban wanda ke gaba, in na juya kyamara su yi musanya. Wani wurin kuma ganye ya huda rami a jikin ɗan'uwansa, ana hango sama ta ciki.

Dalili: gauraya tana bukatar a zana na nesa kafin na kusa, don sai akwai abu a baya za a gauraya da shi. Injin yana iya jera abubuwa ɗaiɗai bisa nisansu, amma faifan da ke cikin raga ɗaya yana zana su ne yadda aka jera su a fayil, kuma bishiya faifai ne rututu da suka ratsa juna. Babu jerin da zai yi daidai ta kowace fuska. Yanka ba ruwanta da wannan, ɗigo ko yana nan ko ba ya nan.

Na nuna wa wani abokina da ya riga ni shiga harkar. Ya kalli hoton ya yi dariya ya ce, "Malam, ganye ai ba gilashi ba ne. Ka bar gauraya ga hayaƙi da yanar gizo-gizo." Na koma 4844. Dare biyu sun tafi a banza, sai dai ba zan sake ba.

22 ga Maris

Gyaran tsinkaye. Na ƙara musu kauri zuwa ɗigo 3 a marufi.

24 ga Maris

Yau na yi taswirar nomal, hoton nan mai ruwan shuɗi-shuɗi da ke gaya wa haske inda jijiyar ganye ta taso da inda ta lotsa. Na duba na ga babu abin ɓoyewa a cikinta, na ce alfa ba ta da aiki a nan, na cire ta don fayil ya ragu. Na loda wasan, na buga set gamehour to 12, rana ta take. Dajin gaba ɗaya ya ɗauki walƙiya kamar an shafe kowane ganye da mai, ko an yi shi da leda. Ido ba ya iya tsayawa a kai.

A Skyrim alfar taswirar nomal ba ta da alaƙa da ɓoyuwa ko kaɗan. Ita ce ma'aunin sheƙi: fari ya yi ƙyalli sosai, baƙi ya dushe. Da na cire ta, injin ya ɗauka 255 ce ko'ina, wato ƙyalli har ƙurya. Na buɗe ta asalin wasan na raba fallayenta, ga alfar nan toka mai duhu, an zana ta da kulawa, ni kuwa ban taɓa sanin tana wurin ba.

Wannan ne karo na biyu da fahimtata ta ranar farko ta rushe. Alfa lamba ce kawai ta huɗu da aka rataya wa ɗigo, mai karanta ta shi ke yanke abin da take nufi. A wannan fayil ɓoyuwa, a na kusa da shi sheƙi. Har sunan ma daga lissafi ya fito: Ed Catmull da Alvy Ray Smith, da suka ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1970, sun ɗauko harafin Girkanci ne da ke cikin ƙa'idar gauraya launi biyu.

Gyaran ya zo da nasa ciwon kai. Da na zana alfa mai duhu, wajen 40, sai hoton ya kusa ɓacewa a allon GIMP, don shi a wajensa alfa ɓoyuwa ce. Ba a iya aiki a haka. Dabarar 12 ga wata ce ta cece ni: launi a fayil ɗaya, sheƙi a wani, a haɗa su a ƙarshe. Kuma -sepalpha a nan dole ne, kada a auna launin taswirar da ma'aunin sheƙi wajen yin mifmaf. Na ba tsakiyar ganye 45, jijiya 60, busassun gefuna 15.

27 ga Maris

Na kwatanta tsarin matsi, na rubuta nauyin kowanne a hoton 2048:

Ba matsi, megabayit 16. BC1, 2. BC2 da BC3 da BC7, 4 kowannensu. Mifmaf yana ƙara kashi ɗaya cikin uku, don haka 4 ta zama 5.33.

BC2 na ajiye alfa a matakai 16 kacal, sai gangaren da ya kamata ya sulale ya zama tsani. Ban ga dalilin amfani da shi ba. BC3 na riƙe iyaka biyu a kowane gida ya raba tsakaninsu har matakai 8, ya wadatar ga ganye. BC7 nauyinsu ɗaya da BC3 amma launinsa ya fi tsabta nesa ba kusa ba, musamman inda ja ke shiga ruwan ɗorawa, wurin da BC3 ke yin 'yan murabba'ai. Sharaɗinsa DirectX 11, shi ya sa bugun 2016 ke karanta shi, na 2011 ba ya iyawa. Na tsaya a BC7. Matsewar ta fi jinkiri, ban damu ba.

Fata da taswirar nomal, nau'in reshe 3: fayil 6, megabayit 32 in duka 2048 ne. Na rage taswirorin zuwa 1024, kowacce 1.33, jimilla ta dawo 20. Na sa su gefe da gefe ban ga bambanci ba.

30 ga Maris

Na ɗan kauce hanya na gwada yanar gizo-gizo, tunda an ce can ne gidan gauraya. A texconv na ga -pmalpha na sa shi don in ga abin da zai yi. Yanar ta fito duhu kamar ta shekara a ɗakin hayaƙi. Umarnin yana ninka launi da alfa tun a cikin fayil, tsarin da Thomas Porter da Tom Duff suka bayyana a 1984, kuma yana da kyau ga injin da aka gina don shi, har ma yana kashe matsalar zaren gefe daga tushe. Amma tuta 237 tana ninkawa da kanta lokacin zane. An ninka sau biyu ke nan: zaren da ya kamata ya ba da rabin haskensa ya ba da rubu'i. Na cire, ta dawo fara. Yanar sai wani lokaci, kada in raba hankali.

3 ga Afrilu

Gwaji a yanayi huɗu: tsakar rana, faɗuwar rana, hazo, dare da tocila a hannu. Uku sun wuce. A hazo na ga ɗan haske a gefen ganyayen reshe na uku, na bincika na tarar na haɗa shi da tsohon marufi, wanda ban rage wa ɗigo 2 ba. Minti 10.

Jimillar lokaci zuwa yau, awa 41. Na yi zaton 15.

6 ga Afrilu

Na hau tudu na waiwayo dajin daga nesa sosai. Bishiyoyin kusa sabon ganye, na can ƙarshen gani tsohon launi, kuma ina tafiya ina ganin layin da suke canjawa, ɗaya bayan ɗaya kamar ana kunna fitila. Waɗancan na nesa ba ragar gaske ba ce, hoton bishiya ne sukutum a kan faifai biyu da aka gicciya, kuma daga wani hoto daban suke ɗauka, wanda ban taɓa ba. Sai an sake ɗaukar su daga sabon ganyen da manhajar TexGen, sannan manhajar DynDOLOD ta jera su a duniyar wasan. Su ma da alfarsu da iyakarsu da mifmaf ɗinsu, don haka ina sa ran sake haɗuwa da sanƙon 15 ga Maris ta wata ƙofar.

Na wannan mako: in karanta bayanin TexGen kafin in danna komai, in ɗauki hoton dajin daga wuri ɗaya a ƙarfe ɗaya don kwatanci, sannan in sake zana marufin reshe na biyu, don akwai ganye 2 a gefen hagu da har yanzu tsinkensu ke yankewa a tsakiya.